Haƙarƙarin Huseina

Buhun riɗi ne a wuyana lokacin da wayar ta fara kuka a aljihu. Ban kula ta ba. Kaka ce, motoci sun yi layi tun daga bakin kasuwar amfanin gona ta Gadarif har wajen gidan mai, kuma mu 'yan dako ba wanda yake ba mu lokacin amsa waya. Sai da ta yi kuka karo na huɗu na jefa buhun cikin lori na ɗauka.

Matata ce, Ummusalama, wadda muke ce wa Salama.

"Baban Biyu, ka zo babban asibiti. Sun hana ni fita da Huseina."

"Su wa?"

"Likita. Da wani ɗan sanda."

"Me ya kai ki can? Ba rigakafi kika ce za ki kai ta ba?"

"Ka zo dai."

Ta kashe wayar. Har ranar Baban Biyu take ce mini, ko da yake saura ɗaya. Shekara goma sha ɗaya muka yi ba haihuwa, sannan Allah ya ba mu tagwaye a tashi ɗaya, Hassan da Huseina. Hassan ya rasu kwana goma sha ɗaya kafin wannan kiran, yana da wata huɗu. Ya yi mako biyu yana tari. Wata Talata bayan azahar Salama ta kwantar da su a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa, ta shiga yin kisra, wainar dawa, da ta fito ɗaya ta motsa, ɗaya bai motsa ba. Muka yi masa wanka muka kai shi kafin magariba. Ba mu je wajen likita ba, ba mu karɓi wata takarda ba. Wa ke neman takarda don jariri? Ƙannena uku aka binne a garinmu Hawata ina yaro, ban ga an tambayi kowa komai ba.

Na hau raksha, babur mai ƙafa uku, da ƙurar riɗi a jikina. Asibitin ya cika maƙil da mutanen Khartoum da na Madani da yaƙi ya koro, wasu a kan tabarmi a gindin darbejiya, wasu a baranda da ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa. Na sami Salama a wani ɗan ofis a ɓangaren yara, Huseina a cinyarta tana barci. Idon Salama ya kumbura.

Ta gaya mini da Hausa, a hankali. A wajen rigakafi sista ta ga kati biyu a haɗe da allurar ɗinki, ta ce ina ɗayan. Salama ta ce ya rasu. Sista ta ce me ya kashe shi, ta ce barci ya yi bai tashi ba. Da sista ta ɗaga Huseina ta hammata za ta ɗora ta a ma'auni, yarinyar ta saki wani irin ihu. Sista ta shafa bayanta, ta sake shafawa, ta rubuta takarda ta ce a je a ɗauki hoton ƙirji yanzu-yanzu.

"To an ɗauka?"

"An ɗauka. Tun daga nan ba wanda ya sake yi mini murmushi."

Likitar ta shigo. Mace ce siririya mai tabarau, 'yar Khartoum, ana ce mata Dakta Lamis. A bayanta ɗan sandan, Elnour, dogo, da littafi a hannu. Bai yi mini tsawa ba. Da ya yi tsawa da na san yadda zan yi da shi. Da Larabci muka yi magana.

"Kai ne uban yarinyar?"

"Ni ne. Haliru. Me ta yi muku?"

"Su wa ke zaune a gidan?"

"Ni, da matata, da tsohuwata."

"Wa ke ɗaukar yaran? Wanka, goyo, lallashi?"

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya.

"Ya zol, bawan Allah, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai reno? Da asuba nake fita, da isha nake shiga. Tun ranar suna ban ɗauke su ba. Wannan aikin mata ne."

"Tsohuwar fa?"

"Hannunta rawa yake yi. Kofin shayi ma sai an riƙe mata."

"Ke nan uwar ce kaɗai."

"Ita ce kaɗai mana."

Ya rubuta. Na ga alƙalamin yana tafiya, ban ji komai ba. Ni a wurina amsa na ba shi irin ta maza.

Dakta Lamis ta ce za a ɗauki hoton ƙashin yarinyar gaba ɗaya, daga kai har yatsun ƙafa. Ta ce haka ake yi idan jariri ya mutu ba a san dalili ba, kuma aka ga wani abu a jikin ɗan'uwansa. Na ce wane abu. Ta ce zan gani. Elnour ya ce Salama ta zauna, yana da sauran tambayoyi, ni in raka yarinyar. Wata sista ta ɗauke ta, na bi su.

Ɗakin hoton yana can ƙarshen baranda, sanyi kamar cikin randa. Mai ɗaukar hoton ya ji ina gunaguni da Hausa, sai ya juyo.

"Kawu, ashe namu ne. Sannu da zuwa. Tijjani sunana, daga Showak."

"To ɗan'uwa, ka gaya mini gaskiya, me suke nema?"

"Ni ɗauka kawai nake yi, Kawu. Karantawa ta likita ce."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka.

Ya rataya mini wata riga mai nauyi, ya rataya wa sista, ya ce sai mutum biyu sun danne yarinyar don kada ta motsa. Aka tuɓe Huseina aka shimfiɗa ta a kan tebur. Tana hannun sista tana ƙananan kuka ne kawai. Ina miƙa hannu, ta sandare. Ta buɗe baki, sautin ma bai fito ba sai da ta ja numfashi, sannan ta tsala ihun da na ji har cikin haƙorana. Na daɗe da sanin ba ta son in matso kusa da ita. Ina ce wa Salama wannan yarinya ta ɗauko zafin ran dangin uwarta.

"Riƙe mata hannu sama, Kawu. A hankali. Haka. Kada ka ja."

Ya shiga bayan gilashi, injin ya yi ƙara, ya fito, ya juya ta. Hannun dama. Hannun hagu. Cinya. Ƙwauri. Tafin ƙafa. Kai ta gaba, kai ta gefe. Na daina ƙirgawa a sha huɗu. Muna tsaka da na ƙirji ta gefe aka ɗauke wuta. Ɗakin ba taga. Tijjani ya ce kada kowa ya motsa, yanzu za a tada janareta, kada yarinyar ta faɗo daga tebur. Sista ta saki tana laluben wayarta. Ni kaɗai na rage da yarinyar a cikin duhu, tana zillo, sai na kama ta yadda hannuna ya ga dama. Manyan yatsuna biyu a kan ƙirjinta, sauran takwas a bayanta. Hannun ya zauna daidai, kamar ya san wurin. A ƙarƙashin yatsuna, kusa da ƙashin baya, na ji wasu ƙananan ƙulli a jere.

Wuta ta dawo. Na saki da sauri.

Ba su da fim, yaƙi ya hana shi zuwa, don haka a allon kwamfuta likitar ta nuna mini. Salama tana wani ɗaki da Elnour. Ban taɓa ganin cikin mutum ba. Haƙarƙarin Huseina sirara ne kamar ƙayar kifin kogin Rahad. Dakta Lamis ta ɗora bakin biro.

"Ka ga nan? Da nan, da nan. Uku a hagu. Uku a dama. Ka ga sun kumbura kamar ƙwayar carbi?"

"Na gani."

"Ƙashi ne ya karye yana ɗinkewa. Waɗannan sun kai mako uku. Wannan na ƙasa bai kai su daɗewa ba. Ke nan ba sau ɗaya aka yi ba."

"Wataƙila faɗuwa ta yi daga angarib."

"A'a. Faɗuwa ba ta karya nan. Goyo ba ya karya nan. Na duba sauran ƙashinta, lafiyayye ne, ba ta da ciwon ƙashi. Abu ɗaya na sani yana karya haƙarƙarin jariri ta baya, dama da hagu daidai wa daida."

Ta ɗauki wani tawul ta naɗe shi ya yi kaurin jariri. Ta kama shi da hannu biyu, manyan yatsu a gaba, sauran a baya. Ta matsa.

Na zauna. Ba kujera a wurin, a kan wani kwali na zauna.

Ga abin da ya faru, kuma ba wanda ya sani sai ni da tsohuwata, Hajja. Da tarin Hassan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mun kai shi asibitin unguwa sau ɗaya, aka ba shi maganin ruwa, bai yi komai ba. Salama ta ce a koma. Na ce ba zan bar ta ta wuni a layin 'yan gudun hijira ta kwaso mana wata cutar ba. Hajja ta ce majina ce ta daskare masa a ƙirji, kuma a Hawata ba a kai wannan asibiti: a ɗumama man riɗi, a shafa, a matsa ƙirjin sau uku, majinar ta fito. Ta ce ta yi mana mu tara. Salama ta ce ba a yi wa nata. To Hajja ba ta iyawa da hannunta yanzu, sai ta ce ni in yi. Kullum da sassafe kafin in tafi kasuwa, idan Salama ta fita da jarka bakin titi jiran mai amalanken ruwa, Hajja ta ɗumama mai a cokali, ni in matsa. Hassan ya yi kuka, ya yi tari, majina ta fito. Muna ganin majinar muna cewa alhamdulillahi, magani yana ci.

Ranar farko, ina goge hannu, Hajja ta ce, "Kawo Huseina."

Na ce ai ita lafiyarta ƙalau.

Ta ce, "Tagwaye ne, Haliru. Ka manta?"

Ban manta ba. Kowa a cikinmu ya san wannan. Abin da ka yi wa ɗaya sai ka yi wa ɗayan. Ka ɗinka wa ɗaya hula, ka ɗinka wa ɗayan. Ka ba ɗaya magani, ka ɗiga wa ɗayan a leɓe. In ka bambanta su, wanda aka bari zai yi fushi, ko ya kwanta ciwo, ko kunamu su cika gida. Don haka na shafa mata mai, na matsa sau uku. Kwana tara ina yi. Uku nasa, uku nata, ban taɓa ƙara wa wani ko rage wa wani ba. Wata safiya na ji ɗan ƙas a ƙarƙashin hannuna, kamar an taka busasshen karan riɗi. Na ɗauka gaɓar yatsana ce.

Ina zaune a kan kwalin nan ina kallon allon, abin da ya shigo mini shi ne: ba Huseina kaɗai nake gani ba. Duk abin da ke jikinta yana jikin Hassan, daidai, ba ragi.

"Malam Haliru," likitar ta ce, "ka taɓa ganin wani ya riƙe ta haka?"

Na ce, "Ban sani ba."

Elnour ya same ni a baranda. Ya ce Huseina za ta kwana a asibiti a hannun sistoci. Salama kuma za ta bi su ofis, mai gabatar da ƙara zai gan ta gobe. Ya ce ita da bakinta ta ce ba mai taɓa yaran sai ita, ni ma na faɗa, kuma ta amsa cewa akwai ranakun da kukan su biyun yake sa ta fita hayyacinta, har ta taɓa barin su ta fita waje ta toshe kunne.

"Wace uwar tagwaye ce ba ta yi haka ba?" na ce.

"Ban ce ta yi ba, ya Haliru. Na ce za a tambaye ta. Je ka kawo mata katin shaida da mayafi, da kayan yarinyar. Motarmu za ta zo bayan la'asar."

Na leƙa ɗakin. Salama tana zaune ta haɗa gwiwa, ta dube ni.

"Baban Biyu, wai ƙashinta ya karye. Wallahi ban taɓa ko yarfa mata hannu ba. Ka gaya musu."

"Ina zuwa," na ce.

Ban hau raksha ba, da ƙafa na tafi, cikin rana. Ni ba matsoraci ba ne. Na taɓa kwana a gonar dawa kusa da iyakar Habasha ana harbi a kanmu, na yi barcina. Amma ranar tsoro ya kama ni. Ina tsoron kurkuku, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron igiya, don ban san me doka take yi wa wanda ɗansa ya mutu a hannunsa ba. Ina tsoron kasuwa, yadda za a riƙa nuna ni da baki ana cewa ga wanda ya murƙushe 'ya'yansa. Wanda ya fi duka shi ne, muddin ban faɗa ba, Hassan tari ne ya kashe shi.

Hajja tana ƙarƙashin rumfa da carbinta. Na durƙusa na gaya mata duka. Ta daɗe tana kallon hannuwana.

"Da me ka matsa?"

"Da hannu mana, Hajja. Kina zaune."

"Idona ba ya gani sosai, ka sani. Nuna mini."

Na nuna mata a kan matashi. Ta saki carbin.

"La ilaha illallahu. Haliru! Da yatsu biyu ake yi. Biyu! Nan da nan, kamar mai taɓa tumatir a kasuwa."

"Ba ki ce da yatsu biyu ba."

"Wa ke faɗin wannan? Kowace mace ta sani."

"Ni mace ce? Shekara talatin ina ɗaga buhu, kika ce in matsa, na matsa."

Ta fara kuka ba sauti. Can ta share ido da gefen mayafi.

"Ka kai ni. Ka ce ni ce."

"Hajja."

"Ni na ce a yi. Ni na ce a kawo Huseina. Shekarata saba'in da ɗoriya, me za su yi mini? In sun kulle ni, kwana nawa ya rage? Kai kuwa in suka riƙe ka, gidan nan ya mutu. Ɗauko mini takalmina."

Na ɗauko. Wannan ma ba zan ɓoye ba, na ɗauko takalmin na ajiye a gabanta, raina har ya ɗan yi sanyi. Ta sunkuya za ta sa, hannun ya ƙi kama maɗaurin. Ta gwada sau uku. Na tsaya ina kallon yatsun nan suna kaɗawa kamar ganye. Likitar nan mai tabarau kallo ɗaya za ta yi musu ta san ƙarya ne, ta koma kan Salama, kuma daga nan ko na faɗi gaskiya ba mai saurare na.

"Zauna, Hajja."

"To ka yi shiru kawai. Mai shayarwa ce, ba za su riƙe ta ba. Kwana biyu su sake ta."

"Su sake ta ta dawo unguwar nan a matsayin me?"

Na shiga bukka na ɗauki katin Salama da mayafinta da 'yan rigunan Huseina. Rigunan bibbiyu ne, iri ɗaya, ban san wacce ce tata ba, na kwashe duka.

Da na isa an yi la'asar. Motar 'yan sanda, buɗaɗɗiyar baya, tana tsaye a ƙofar ɓangaren yara. Salama tana zaune a bayanta, wata 'yar sanda a gefenta. Mutanen da ke gindin darbejiya duk sun juyo suna kallo. Daga cikin ɗakin ana jin kukan Huseina, kuma gaban rigar Salama ya jiƙe da nono, ta rufe da hannu. Wata mata a kan tabarma ta ce da ƙarfi, "Ita ce wadda ta karya jaririyar."

Na je wajen Elnour, yana shirin shiga gaba.

"Sauke ta. Ni ne."

Ya dube ni, ya sauke numfashi.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Haliru. Kai ne miji na uku da ya gaya mini haka a bana. Ɗazu ka ce tun ranar suna ba ka ɗauke su ba. Ga shi a rubuce."

"Ƙarya na yi."

"Ɗazu ko yanzu?"

"Kira likitar."

"Je ka gida. Gobe ka zo ofis."

Ya kama murfin mota. Na riƙe murfin. Ya ja, bai motsa ba. Ya sake ja. Ya dubi hannuna a kan ƙarfen, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wa direban ya kashe mota.

A baranda muka tsaya, Dakta Lamis ta fito da Tijjani a bayanta. Na karɓi tawul a hannun wata sista na naɗe. Na nuna. Na faɗi man riɗin, da cokalin, da lokacin da Salama take fita jiran ruwa. Na ce sau uku kowace safiya, kwana tara, na fara mako uku da 'yan kwanaki da suka wuce, na daina kwana biyu kafin Hassan ya rasu saboda ya daina kama nono sosai. Likitar ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce:

"Huseina ma tana tari a lokacin?"

"A'a. Lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa ka matsa ta?"

"Tagwaye ne."

"Ban gane ba."

"Tagwaye ne, Dakta. Ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya."

Ta juya ta dubi Elnour, shi ma ya ɗaga kafaɗa. Tijjani ne ya yi gyaran murya.

"Dakta, gaskiya ne, haka mutanenmu suke yi. Ni ma ƙannena tagwaye ne. In ɗaya ya yi zazzaɓi, su biyu ake ba magani. Wanda yake son ya ƙirƙiro ƙarya don ya ceci matarsa ba zai ƙirƙiro wannan ba."

Likitar ta ce in buɗe hannuna. Ta sa aka kawo mata wayarta, inda ta ɗauki hoton allon, ta duba tazarar karayar, ta dubi yatsuna. Ta ce wa Elnour wannan ba hujja ba ce da za ta rantse a kai, amma kwanakin da na faɗa sun yi daidai da abin da ƙashin ya nuna, kuma uwar ba ta iya ba ta kwanaki ko ɗaya ba.

Ban san Salama ta sauko ba. Na juya ne na gan ta tsaye a bakin matakala, 'yar sandan tana riƙe da gefen mayafinta. Ta ji duka.

Ba ta yi ihu ba. Da Hausa ta yi magana, muryarta a ƙasa.

"Ina dawowa da ruwa in same su suna kuka, suna warin man riɗi. In tambaya, Hajja ta ce shafa musu kawai aka yi."

"Haka ne."

"Na ce muku ba a yi wa nawa."

"Kin ce."

"Tun safe ina zaune a ɗakin can ina tunanin ko ni ce. Ko na danne su cikin barci. Ko goyona ne ya yi tsauri. Har na fara yarda, Haliru."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Na juya wajen likitar, don ba zan iya ci gaba da kallon Salama ba.

"Dakta, tambaya ɗaya. Kada ki lallashe ni. Ni na kashe yaron?"

Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ban sani ba. Karayar haƙarƙari ita kaɗai ba kasafai take kashe jariri ba, ga Huseina nan da ranta, kuma za ta warke. Amma yaron da ƙirjinsa ke ciwo ba ya iya tari da kyau, ba ya jan numfashi sosai, kuma shi dama yana da ciwon ƙirji. Wataƙila ciwon ne ya kashe shi, da ka taɓa shi da ba ka taɓa ba. Wataƙila ka taimaka wa ciwon. Akwai kuma jariran da suke mutuwa cikin barci ba wanda ya san dalili. Ban gan shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ba yadda za a sani?"

"Sai in mai gabatar da ƙara ya ba da izini a tono shi, a ɗauki hotonsa, a duba. Ko hakan ma ba lalle ya faɗi komai duka ba. Kuma yakan tambayi iyaye, musamman uwa."

Tono shi. Ni na sa shi a ramin da hannuna, na jera masa itace, na san girman wurin bai fi tsawon damtsena ba. Na dafa bango.

Elnour ya ce wa 'yar sandan ta saki Salama. Ya ce za ta kwana da 'yarta a asibiti, gobe ta zo ta ba da shaida, ita da tsohuwar. Ya karɓi ƙullin kayan daga hannuna ya miƙa mata. Sannan ya nuna mini bayan motar. Na hau na zauna inda ta tashi, ƙarfen da sauran ɗuminta.

Ta kai ƙofar ɗakin yara, kukan Huseina yana ta ƙaruwa, sai ta tsaya. Ta dawo har gindin motar.

"In suka tambaye ni gobe, zan ce su tono shi."

"Salama, yaron ya kwanta."

"Ina so in sani. Ba zan zauna da kai ban sani ba, ba zan rabu da kai ban sani ba."

Direba ya tada mota. Na nemi abin da zan ce in hana ta, irin yadda na saba hana ta abubuwa, ban samu ba.

"To," na ce. "Ki ce musu."

Ta juya ta shiga wajen yarinyar.